Rakiyar Inna zuwa filin jirgi

Shekarun baya, lokacin da ake ta kwaso ma'aikatu daga Legas ana zubewa a Abuja, ni ma aka kwaso da ni. Ban daɗe da tarewa ba ƙanwata da ke aure a Jidda ta haihu, aka ce mahaifiyata ce za ta je zaman jego. Tsohuwa ta taso daga gida ta sauka wurina da ƙullin kuka da daddawa da kanwa, aka ɗora mini alhakin sa ta a jirgi.

Na karɓi aikin da cika baki, ai ni ɗan Legas ne. Gaskiyar magana kuwa, jirgin da na taɓa shiga na ƙasa ne. A tunanina filin jirgi tasha ce da aka yi wa fenti, kuma kowa ya san yadda ake rakiyar tsohuwa a tasha: ka kai ta har cikin mota, ka duba wani mai kamala a cikin fasinjoji ka ce masa ga amana, sannan ka tsaya a bakin taga ku yafi juna, ta sa maka albarka. Shi ya sa da safe, da Inna ta ce in zauna mu yi sallama, na ce ta bari sai mun je can, lokaci na ƙurewa. Ta dube ni ta ce, "To."

Hanyar ta ƙi ƙarewa, daga gonakin doya sai shanun Fulani, har na fara zargin mai tasin. Ya sauke mu a gaban wani gini, na ga layi na ja Inna muka bi. Sai da muka kai gaban kanta aka gaya mana wannan layin masu zuwa Legas ne, masu fita ƙasar waje gininsu daban. Na ɗora jaka a ka muka taka, ina gumi ina ce wa Inna da ma na san haka ne, na so in tabbatar ne kawai.

A ginin na biyu aka auna kayanta, aka ɗora a kan wani bel, suka tafi da kansu suka shige bayan labulen roba.

"Kai, ina za su kai mini kaya? Ka bi su mana."

"Haka ake yi, Inna."

Na faɗa da muryar wanda ya sani, amma ni ma zuciyata ta bi jakar nan.

Azahar ta kusa, ta ce tana so ta shiga jirgi da alwala. Muka yi ta bin hoton kibiya har muka samu banɗakin mata. Ba ta jima ba ta fito tana yamutsa fuska, ta ce wurin zama ne kamar kujera, kuma ko buta babu. Na zaunar da ita cikin sauran matafiya, tikiti da fasfo na hannunta, na ce kada ta motsa, yanzu zan kawo buta.

An ce matambayi ba ya ɓata, to ni ranar da tambayar na ɓata. Wannan ya nuna hagu, wancan ya nuna dama. Da ƙyar na gano wani ɗan masallaci a bayan wurin ajiye motoci, na ari buta na cika ta. Da na dawo sai aka ce ƙofar da na fita ta fita ce kawai. Na zagaya na shiga wata, na tsinci kaina cikin masu jiran waɗanda suka sauka. Wata mata na ta magana a lasifika kamar da goro a bakinta, duk Turancina na Legas ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Ashe jirgin su Inna take kira.

Kafin in kai inda na bar ta, kujerun nan wayam.

Na nufi ƙofar da na ga mutane na shiga, wani ma'aikaci ya tare ni da 'yar Hausarsa ta koyo.

"Oga, fasinja ne kawai yana shiga. Ina tikiti?"

"Mahaifiyata ce a ciki. Sallama kawai zan yi mata in fito."

"Mama mai farin mayafi? Ya riga ya wuce. An buga masa hatimi, ba ya dawowa."

Raina ya ɓaci, na zaro katin ma'aikatarmu na nuna masa. Ya duba katin, ya duba butar da ke hannuna, ya ce, "Oga, yi haƙuri. Ko minista ne, in ba tikiti, nan zai tsaya."

Nan ido ya raina fata. Tsohuwar da ba ta karatu, ba ta jin kowane yare sai Hausa, za ta ƙetare teku ban damƙa ta a hannun kowa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba mu yafi juna ba. Ita da kanta ta nema da safe na ce sai mun je can, ga shi mun zo can ɗin. Tsoro ya kama ni sosai, don rai ba a bakin komai yake ba.

Na shiga zagaye ginin ba tare da na san abin da nake nema ba. Na leƙa wurin cin abinci, na buɗe wani ofis aka kore ni, na hau bene na sauko a inda na fara. A ƙarshe na faɗa wani lungu da ake jera kekunan tura kaya, sai ga bangon gilashi, ta cikinsa ana ganin masu jiran jirgi.

Ga Inna can a zaune, da jaririn wata a cinyarta tana jijjiga shi, uwar na gefe tana fama da wani yaron. Ni ina neman wanda zan ba amanarta, ita har an ba ta amana.

Na ƙwanƙwasa gilashin. Uwar jaririn ce ta hango ni ta taɓa ta. Inna ta taso da yaron a kafaɗa ta tsaya a gabana, amma ko kaɗan sauti ba ya wucewa. Ban san lokacin da na durƙusa ba, da kayan ofis da buta, na ce ta yafe mini. Na ga bakinta na motsi. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa saboda kunya, ballantana ta tsaya tana dubana a bainar jama'a, amma ranar ta daɗe tana magana idonta a kaina. Duk inda ta numfasa sai in ce amin. Sannan aka kira su, ta bi bayan matar nan ta tafi.

Bayan watanni ta dawo lafiya, ta ce matar ce ta riƙe ta har hannun mijin ƙanwata. Na tambaye ta abin da ta faɗa a bakin gilashi.

"Cewa na yi ka tashi, mutane na kallo. Kuma ka mayar wa masu buta butarsu."

"Shi ke nan, Inna? Ai kin daɗe kina magana."

Ta kawar da kai ta ce, "Sauran ba da kai nake ba. Wanda na yi da shi ya ji."

Yanzu na san filin jirgin nan lungu-lungu, har ni ke nuna wa wasu hanya. Amma duk wanda zan raka, tun a gida muke zama mu yi sallama mu yafi juna, ko da za mu makara. Yarana na yi mini dariya, wai ina yi kamar ba za a sake haɗuwa ba. Ba na musu da su. Inna ta rasu ban taɓa jin abin da ta roƙa mini ranar ba, amma na ce amin, kuma har yau ina ganin alamar an karɓa.