Buhunan Gwaji

Ina gyaran komar kamun kifi a bakin tafkin Madarumfa aka zo aka ce mini yayana ya faɗi a tashar Ɗan Issa, yana cikin ɗaure kaya. Kafin in isa, rai ya yi halinsa.

Gonar gadonmu muka sayar ya sayi tsohuwar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. A wurinmu 'yan kasuwa ba sa cika wa sabon mai mota kaya. Buhunan wake kaɗan suke ba shi, in ya sauke sai su duba ɗinkin bakin kowane buhu, ko an kwance an ɗiba. Haka ya yi ta jigila da ɗan abin da aka ba shi, har wani Alhaji mai wake na garin Sarkin Yamma ya yi alkawarin cika masa mota bayan kaka.

Da aka share makoki na je wurin Alhajin, na ce motar tana nan, direba ma ga ni nan.

Ya ce, "Allah ya jiƙan shi, ɗana. Amma ni ba da mota na yarda ba, da mutum ne. Kai kuwa a bakin ruwa na san ka."

Na ce, "Baba, to a gwada ni."

"Buhu biyar," in ji shi.

Buhu biyar ba sa biyan kuɗin man gazuwal, kuma ko na sayar da motar, gonar ba za ta dawo ba. 'Ya'yan yayana suna hannuna. Har yau ban ba Alhaji amsa ba.