Makullan Tsohuwar Unguwa

Ranar da iska ta bugo ƙofa ta kulle Baba Mai Makulli a waje, daga shi sai singileti da tawul, duk layin sai da aka fito kallo. Ya fito ne wanke wasu tsofaffin makullai da kananzir, ƙofar kuwa irin mai kulle kanta ce. Makulli arba'in ne a gwangwaninsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko wanda ya yi kara ya juya babu. Da ya ga ido ya yi yawa sai ya nufi tagar kicin. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, tumbi ya ce shi kam nan zai tsaya.

"Baba, a kira maka mai makulli ne?" in ji telan da ke tsallaken layi.

Haka ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafa har matarsa ta dawo daga kasuwa, ta buɗe ƙofar, ta zagaya ta jawo shi ta ciki kamar buhu.

Shekara talatin da bakwai bawan Allahn nan ya yi yana yankan makulli a ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, da magagarinsa da ɗan benci mai ƙafa uku. Ba a taɓa jin ya tara komai ba sai tari. Ciwon tara makullai ya same shi ne shekarar da katafila ta bi ta kan tsohuwar unguwarsu aka shimfiɗa titi. Kowa na kwasar katifa da tukwane, shi kuwa yana bin mutane: "Makullin nan tunda ba ƙofa, ba ni mana." Suka riƙa ba shi, don mai hankali ba ya musu da wanda kansa ya taɓu.

Ya samo faffaɗan katako, ya zana layukan unguwar da fensir, ya kafa kowane makulli da ƙusa daidai inda gidansa yake a da. Ga na mai wanki, ga na ungozoma, ga na kurman da ke kiwon tattabaru. Makulli ɗari huɗu da 'yan kai, ya rataye abinsa a bangon falo. Baƙo in ya kuskura ya tambaya, to ya yi sallama da wuninsa, don sai an zagaya da shi gida-gida, har da wanda ya ci bashin wa da wadda ta fi kowa masifa.

Rigimar ta taso ne daga babban ɗansa, wanda layi ke kira Manaja. Ya yi karatu har ya gaji, yanzu aikinsa kwanciya a doguwar kujera yana latsa waya yana tsara kamfanonin da zai buɗe. Shi ya sa aka yi wa falon sabon fenti, ya kuma sayo hoton wani ruwa mai gangarowa daga dutse, da agwagi biyu farare. Bango ɗaya ne ya dace da hoton, kuma tsohuwar unguwa na kai.

Baba ya ce a'a. Manaja ya ce to. Ranar Asabar da hantsi sai ga mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya turo baronsa har ƙofar gida, da sikelinsa a rataye.

Baba ya riga su isa bangon. Ya jingina bayansa da katakon, ya baje hannuwa kamar mai tsaron raga.

"Baba, don Allah ka matsa, kana ba mu kunya," in ji Manaja. "Abokaina in sun zo sai su ɗauka shagon tsatsa ne."

"Malam, ka bar yaro ya gyara gida," in ji matar daga kicin. Amma ba ta fito ba, don ta san makullin ɗakin da aka fara kai ta tana amarya yana layi na uku a katakon.

Mai gwangwan ya leƙa, ya taɓe baki. "Alhaji, rabinsu ma ba tagulla ba ne. Taimaka muku zan yi."

"Ka ji ko?" Manaja ya ɗaga murya yadda masu leƙe ta taga za su ji. "Kai fa ka ce min kowane abu da aikinsa. Makullin da ba ya buɗe komai, mene ne amfanin ajiye shi? Cin wuri kawai!"

Baba ya dube shi tun daga silifas har zuwa askin. Sannan ya juya wajen mai gwangwan, wanda tuni ya fara ja da baya.

"Dawo, ɗana, kada ka tafi hannu wofi. Wannan da ke magana shekara talatin ina ajiye da shi a falon nan, ban ga ƙofar da ya buɗe ba. Ɗora shi a sikeli mu ji."