Hannun da Ya Saba da Gyara

Duk kasuwar an san Inna Mai Gyara. Man girki take sayarwa, kuma tun tana budurwa ba ta taɓa cika kwalba ba tare da ta ɗan ƙara wani abu a kai ba. Ko bakinta ya ce ya isa, sai ludayin ya sake karkata.

Da 'yarta ta haihu, yaro ya zo kumatu cike, ƙafafu luhu-luhu. Inna ta dinga tsokanarsa: "Maigidana, wannan ƙiba wa ka gada?" Ashe kumburi ne. Likita ya ce da ciwon ƙoda aka haife shi. Aka sa shi cikin wani bincike, inda ake ba jarirai irinsa wani mai na musamman da sirinji a baki, a ga ko zai sassauta wa ƙodar. Layi biyu na jikin sirinjin kullum, ba ƙari.

'Yar tana fita shara a wani ofis da safe, don haka sirinji ya koma hannun Inna. Ta dubi layi biyun nan ta taɓe baki. Ko kyanwa ai ba za ta lashe wannan ta gode ba. Ta ja zuwa biyu, yatsa ya yi gyara.

Ranar awo nas ta ɗaga kwalbar man yaron ta hango gindinta.

"Inna, zubewa ya yi? Ya kamata a ce saura rabi."

"Ni mai ya zube a hannuna? 'Yar nan, gyara na yi wa mijina."

Nas ba ta yi dariya ba, sai ta kira likita. Ya zauna ya ce su kansu ba su san ko man na taimako ko yana cutarwa ba, abin da suke aunawa ke nan. Magani za a ci gaba da ba yaron, amma an cire shi daga binciken, kuma yau sai an ɗebi jininsa an duba abin da ƙarin ya yi.

'Yar Inna, da ta rako su, ta miƙe. Ta kwance yaron daga bayan Inna, ta miƙa wa nas hannunsa.

Inna ta zauna a bencin waje tana jin kukansa ta ƙofa, ta cusa hannun damanta ƙarƙashin cinya ta danne.