Haladu Mai Ɗaura Rigar Ruwa

Shekara ashirin da bakwai Haladu, mutumin Auyo, yana tsaye a bakin ruwan Legas. Yana idar da sallar asuba sai ya sauko tashar jiragen ruwa, ya kwance damin rigunan ruwa masu hana nutsewa, ya ja igiyar kowace ya ga ko ta ruɓe. Fasinja ya zo, ya sa masa, ya ɗaure. Jirgi ya cika, ya tare hanya da jikinsa. Aikin ke nan. Yanzu gwiwa ta gaza, zai dawo gida bayan babbar sallah.

Ni ba mai yabon mutane ba ne. Wannan ya zama dole.

Mala, mai kai busasshen kifi Legas, ya ce a gabansa wani matuƙi ya so ƙara mutum shida. Haladu ya zauna a kan igiyar jirgin, ana zaginsa da yare uku, har aka sauke su. Wannan ji na yi. Ga wanda na gani.

Bara na kai matata 'Yar'azumi Legas aikin ido. Garin ya fi ƙarfina. Gada a kan gada, mota ba ta jiran kowa, ka yi sallama ba mai amsawa. Da aka ce ta ruwa za mu bi zuwa asibiti sai na ji sanyi a raina, don a kwalekwale na girma. Haladu ya miƙo riga, na ture.

"Kai, tun ba a haife ka ba nake iyo."

"Baba, nan ba kogin Haɗeja ba ne. Ko ka sa, ko ka bi gada."

Na sa, ina huci. Kafin mu tashi na yi abin da muka saba, na riƙe alamar ruwa: matakalar tashar biyar ce ruwa bai rufe ba.

Da la'asar muka dawo, idonta a naɗe. Na duba. Uku suka rage, kuma babu hadari. A wurinmu in ruwa ya hau haka a yini ɗaya, jinga ce ta fashe. Na taɓa gani. Ya ci shinkafata, ya ci ɗakina, ya ci ɗan ƙanena. Mai tsayawa tambaya, gawarsa ake nema a cikin ciyawa.

Na fizgi hannunta na nufi tudu, ina ihu, "Ruwa! Ruwa!" Tudun kuwa babban titi ne.

"Malam, ina za ka kai ni? Ba na gani!"

Hannunta ya kuɓuce. Na waiga daga ƙetare. Tana tsakiyar titi tana lalube, tirela na tahowa. Shekara hamsin muna tare, na tsaya ina kallo.

Haladu ne ya shiga, yana ɗingishi, ya ɗaga jar rigar ruwa sama. Birki ya yi ƙara. Motar ta tsaya, hancinta na taɓa kafaɗarsa. Ya riƙo bakin mayafin 'Yar'azumi ya fito da ita.

Mutane na dariya. Shi bai yi ba. Ya zaunar da mu a kan matakala.

"Zauna ka gani, Baba. Ruwan nan kullum sau biyu yake hawa, sau biyu ya sauka. Ni ranar da na fara gani, kan rumfa na haye."

Kafin magariba, matakala ta huɗu ta fito.

Haladu, kai ne katangar baƙo. Kai ne ka rufa wa tsoho asiri a gaban waɗanda ba su san shi ba. Yau 'Yar'azumi tana tsintar tsakuwa a shinkafa da idonta. Na gode. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa.

Ku 'yan garinmu da ke can, in kun ga baƙo ya firgita, ku riƙe shi tukuna, dariya ta biyo baya.

Ranar da Haladu zai ƙetare kogi zuwa Auyo, ni zan tuƙa shi a kwalekwale. In ya ce in sa riga, zan sa.