Ramin da Ƙafar Direba ta Haƙa

Har yau Direba ake ce masa, alhali rabonsa da sitiyari tun ranar da birki ya ƙi ci a gangara, bas ɗinsa ta kife da fasinjoji. Shi ko ƙwarzane bai samu ba. Aka ce ya gode wa Allah, ya kuwa gode, sai dai bai sake iya shiga mota ba.

Ya koma sayar da dashen itatuwa a bakin titi, bencinsa ya ba wa kwalta baya. Da rana, idan ya gama ban ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kan lumshe masa ido. Sai ya ga gangarar nan ta dawo, shiru, bas tana tafiya a hankali kamar cikin ruwa, fasinjoji suna ta hirarsu. Ƙafarsa ta dama ta yi ta danna ƙasa. Da haka har ta haƙa ɗan rami a gaban bencin.

Ga mahaifiyarsa can wani gari, tsufa ya kwantar da ita, kullum saƙonta ɗaya: ya zo ta gan shi. Kullum shi kuma gobe.

Matarsa, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta kawo masa abinci ta ga ramin.

"Maigida, rijiya kake haƙa mana?"

Ya so ya yi dariya, kuka ya riga ta fitowa.

"Birki nake takawa. Kullum takawa nake, ba ta tsayawa."

Ba ta ce ya yi haƙuri ba, haƙuri kam an ba shi har ya gundure shi. Zama ta yi, ya faɗa mata komai, har launin gyalen matar da ke kujerar gaba. Ta raka shi wurin likitar masu irin wannan damuwa, wadda ta koya masa jan numfashi idan gangarar ta zo, da kiran sunan abin da idonsa ke gani.

Ranar tafiya wurin mahaifiyarsa ya hau bas gumi sharkaf, dashen lemo a cinyarsa na tsaraba. Da suka kai gangara ƙafarsa ta soma dannawa. Matarsa da ke gefensa ta ɗora tata a kai.

"Ganye," ya ce a hankali. "Taga. Ke."

"Yau fasinja ne kai," in ji ta. "Inna na jira."