Ƙashin 'Yan Birni Daban Ne?

Muna tsakiyar ruwa, jirginmu ya nufi kasuwar Yelwa, sai wani saurayi ɗan Yelwa ya ƙure rediyon wayarsa. Shirin wasanni ake yi, ana ta jajanta wa kocin ƙungiyar Yelwa. Wai ba don 'yan wasansa biyu sun ji rauni ba, mu 'yan ƙauyen bakin ruwa ba mu isa mu ci su ba.

Saurayin ya ga rigar ƙungiyarmu a jikina, ya ce, "Abokina, ku gode Allah. Majinyata kunka ci, ba ƙungiya ba."

Na buɗe baki ke nan zan tuna masa yadda kocin nasu ya shagala da zagin alƙalin wasa har muka zura biyu, sai Inna Kulu, mahaifiyar golanmu, ta gyara zama kusa da kwandon kifinta.

Ta ce, "Yaro, bara da ɗana ya karye a hannu kunka zura muna huɗu, rediyon nan cewa ta yi masunta ba su iya ƙwallo ba. Ko sannu ba su yi mai ba. Naku targaɗe kawai, an cika muna kunne. Ƙashin 'yan birni daban na?"

Jirgi ya kwashe da dariya, har direba. Saurayin ya kashe rediyonsa.

Mun ci, kuma ba za mu ba kowa haƙuri ba. Uzurin da aka hana mu bara, ba za mu karɓe shi bana ba.

'Yan Yelwa, ga fili nan. Wa zai ba Inna amsa?