Kwalba ta Bakwai

Ranar Talata, sha biyu ga watan jiya, ina tsaye a kan wani mara lafiya da bakinsa a buɗe aka kira ni a waya aka ce Kawu mai zuma ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na gama cike haƙorin tukuna, sannan na zauna a kujerar marasa lafiya.

Kawu, kai ne ka biya mini kuɗin makaranta da zuma har na zama likitar haƙori, kuma ba ka taɓa gorantawa ba. Sai dai tsokana. Kullum ka gan ni sai ka rufe bakinka da hannu ka ce, “Ga mai cire-cire nan ta zo.”

Kai ne kuma ka nuna mini danƙon nan da ƙudan zuma ke liƙe ramukan amya da shi. Ka ce ko ƙadangare ya mutu a ciki, in suka lulluɓe shi da shi ba ya wari. Daga nan na fara tunanin ko zai kashe ƙwayoyin cutar da ke ɓuya a saiwar haƙori, waɗanda ke sa mu cire haƙorin da ya kamata a ceta. Shekara huɗu kana kankaro mini shi daga amyoyinka arba'in, ina gwadawa a ɗakin bincike. Yawanci aikin banza. Na gaji, na sha cewa zan bari.

Sai kwalba ɗaya, ta bakwai, ta yi abin da sauran suka kasa. A nan ne sakacina ya fito. Ni lamba nake rubuta wa kwalabe, kai kuwa amyoyinka laƙabi gare su: Mai Faɗa, Gwauruwa, Malalaciya. Ban taɓa rubuta wace lamba ce ta wace amya ba.

Na kira ka na tambaye ka daga wace amya kwalba ta bakwai ta fito. Ka yi dariya ka ce, “Ni ina na san wata bakwai, 'yar nan? Kawo in shinshina, yanzu zan faɗa miki mai ita.”

Na ce zan zo ranar Asabar. Asabar goma sha ɗaya suka wuce. Yau layi ya yi yawa a asibiti, gobe mota ta lalace, jibi gajiya. Ban zo ba, Kawu, kuma ba ni da hujja.

Ranar da na je gaisuwa, matarka ta raka ni bayan gida. Amyoyi arba'in suna ta aikinsu. Na miƙa mata kwalbar, ta shinshina, ta girgiza kai ta ce, “Ni duk ƙamshinsu ɗaya ne.”

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga ƙoramun zumar Aljanna. Allah Ya ba matarka da 'ya'yanka da mahaifiyata, ƙanwarka, haƙurin rashinka. Kwalbar tana cikin jakata har yanzu, ban san wa zan kai wa ba.